Jonestown a Bakin Waɗanda Suka Tsira

(Kiɗan buɗe shiri. A sassauta shi, mai gabatarwa ya shigo.)

  Yau doguwar tafiya ce a gabanmu, sai ƙasar Guyana. A saurara da kyau, Guyana na ce, ba Ghana ba, ba kuma Gini ba. Wata 'yar ƙasa ce a Kudancin Amurka, tana iyaka da Benezuwela da Birazil, Ingila ce ta yi mata mulkin mallaka. Kafin mu kama hanya, iyayen da ke zaune da ƙananan yara a gaban rediyo su yi la'akari, domin akwai wuraren da labarin yake da nauyi.

Ranar Lahadi 19 ga Nuwamba 1978, da safe, wata tsohuwa 'yar Amurka mai shekara 76, sunanta Hyacinth Thrash, ta farka a wani ɗakin katako a tsakiyar dajin Guyana. Jiya da yamma ta ji hayaniya, ana kiran kowa da kowa ya hallara, ta ƙi fita. Ta shige ƙarƙashin gado, barci ya kwashe ta. Da ta farka sai ta ji gari tsit, garin da lasifika ba ta hutawa dare da rana. Ta lallaɓa ta leƙa waje. Mutanen da ta yi shekaru tana zaune da su, ga su nan kwance a ƙasa, babu mai motsi. Cikin mamatan har da 'yar'uwarta Zipporah, wadda suka yi shekara ashirin suna bin mutum ɗaya tare.

Mutum 909 ne suka mutu a wannan gari da ake kira Jonestown a yammacin Asabar ɗin. In aka haɗa da biyar da aka harbe a filin jirgi, da huɗu da suka mutu a Georgetown, babban birnin ƙasar, lissafi ya kama 918. Kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. Kusan bakwai cikin goma baƙar fata ne, jikokin waɗanda aka kwasa daga nahiyarmu zamanin cinikin bayi.

Duk wanda ya fara jin labarin nan abu ɗaya yake faɗa, ni ma shi na faɗa: wane irin rashin hankali ne wannan, ni dai ba a haifi mai yi mini haka ba. To, akwai 'yan ƙungiyar sama da 80 da suke Guyana a ranar kuma suka rayu, akwai kuma waɗanda suka fice tun kafin nan. Sun daɗe suna jin kunyar buɗe baki. Daga baya wasunsu suka rubuta littattafai, wasu suka zauna da 'yan jarida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka abin da suka faɗa za mu bi yau. Kuma abu na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne, babu wanda ya tashi daga gida da niyyar shiga muguwar ƙungiya. Wurin kirki suka gani, suka shiga.

Mai ƙungiyar, Jim Jones, farar fata ne, an haife shi a jihar Indiyana a 1931. A tsakiyar shekarun 1950 ya buɗe coci a birnin Indiyanafolis, wanda aka sani da Peoples Temple, wato majami'ar jama'a. A tuna wane zamani ne wannan a Amurka. Zamani ne da a wurare da yawa baƙar fata ba ya cin abinci inda farar fata yake ci, kuma ko ranar Lahadi kowa da cocinsa. Jones ya ce a nasa ba za a yi haka ba, ya zaunar da baƙi da fari a benci ɗaya. Shi da matarsa Marceline suka ɗauki yaro baƙar fata riƙo, suka raɗa masa sunan Jones ɗin kansa. Ya buɗe wurin ciyar da mabuƙata kyauta, ya buɗe gidajen kula da tsofaffi. Hyacinth da 'yar'uwarta, waɗanda suka tashi a Alabama inda wariya ta fi ƙamari, a wannan lokacin suka same shi. Mai sauraro, ka ɗauka kai ne. Shekara hamsin ana nuna maka ƙofar baya, yau ga mai wa'azi farar fata ya tarbe ka a ƙofar gaba, ya kama hannunka, gobe in ka dawo ya kira ka da sunanka.

A 1965 ya kwashi mabiyansa zuwa arewacin Kalifoniya, ya ce yaƙin nukiliya na tafe, can ne za a tsira. Daga nan ƙungiya ta bunƙasa har San Faransisko da Los Anjalis, 'yan boko matasa suka fara shigowa. Akwai Laura Johnston Kohl, wadda tun tana ɗaliba take zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da neman 'yancin baƙar fata. Akwai Tim Carter, wanda ya dawo daga yaƙin Biyetnam ɗin zuciya a dagule. Akwai Odell Rhodes, tsohon soja daga Detroit, wanda ƙwaya ta mayar da shi mai kwana a titi. Ƙungiyar ce ta ɗauke shi, ta raba shi da ƙwaya, ta ba shi aikin kula da yara. Mutumin da aka tsamo daga irin wannan rami, ta ina za ka fara gaya masa cewa wanda ya tsamo shi mugu ne?

Nan ne nake so mu ɗan daɗe. Abincin da ake rabawa na gaske ne, tsofaffin da ake kai wa asibiti na gaske ne, zumuncin da baƙi da fari suka samu a tsakaninsu na gaske ne. Da ƙarya ce zalla da ba ta riƙe mutum dubu shekara da shekaru ba. Zuma ce, da zaƙi da harbi, zaƙin kuma shi aka fara ɗanɗana musu.

(Gajeren kiɗa.)

Harbin bai zo rana ɗaya ba. Da farko Lahadi kawai ake zuwa. Sai aka ƙara taron tsakiyar mako. Sai tafiye-tafiye a manyan motocin ƙungiya, kwana da kwanaki, zuwa wa'azi a wasu garuruwa. Abin da ake bayarwa na coci ya yi ta hawa har ya kai kashi 25 cikin ɗari na samun mutum. Sai a ce ai in da gaske kake, ka dawo gidajen ƙungiya da zama, ka miƙa albashinka dungurungum, a riƙa tsakura maka na kashewa. Tsofaffi kuwa su sayar da gida su kawo kuɗin, a yi musu alkawarin kulawa har ƙarshen rayuwa. Kowane mataki ɗan ƙarami ne a kan wanda ya gabace shi, kuma kowane da hujjarsa mai daɗin ji: marayu za a ciyar, gajiyayyu za a riƙe. Wanda ya ce a'a sai ya ji kamar shi ne mai son kansa.

Wani abu da waɗanda suka fito suke yawan ambata, wanda mutum ba zai zata yana da muhimmanci ba, shi ne barci. Taron manyan ƙungiya yakan kai asuba, gari na wayewa kuma kowa ya nufi wurin aikinsa. Ƙarancin barci ya zama abin tutiya, alamar sadaukarwa. Duk wanda ya taɓa kwana biyu yana jinya a asibiti ya san yadda kai yake komawa. Ba ka iya bin tunani ɗaya har ƙarshensa. Shakka takan zo, amma kafin ka zauna da ita an kira wani taron.

Sai kuma takardu. Ana ba mutum farar takarda a ce ya sa hannu a ƙasa, ba a rubuta komai ba tukuna. Ko a sa shi ya rubuta da hannunsa cewa ya aikata laifin da bai taɓa yi ba, ya lalata yara, ko ya ƙulla kashe shugaban ƙasa. A ce masa gwajin amana ne kawai, ai tsakaninmu ne. A adana takardar. Ranar da ya fara tunanin tafiya, ya san abin da ke cikin akwati.

Akwai horo a bainar jama'a. A kira sunan mutum a taro, a karanta laifinsa, 'yan'uwa su yi masa caa, wani lokaci a dake shi da wani faffaɗan katako, ko a haɗa shi dambe da wanda ya fi ƙarfinsa. In an gama, sai ya yi wa Jones godiya, domin a lokacin kowa Baba yake kiransa. Wasu ma'aurata, waɗanda daga baya aka san su da Al da Jeannie Mills, suna zaune a cikin taro aka doki 'yarsu budurwa sau 75 da katakon nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinsu shi ne ba a ranar suka fita ba. Sai a 1975 suka iya. Uwa da uba ne masu son 'yarsu kamar kowa. Amma gidansu, da aikinsu, da abokansu, da amsar da suke ba kansu in sun tambayi me suke yi a duniya, duk suna cikin ɗakin da ake dukan.

Laifuffukan da ake karantawa kuwa, daga ina ake samo su? Daga bakin juna. An koya wa kowa cewa kai rahoton ɗan'uwa taimakonsa ne. Miji ya kai matarsa, ɗa ya kai uwarsa. Wannan shi ne ya fi kowace katanga tsawo. Bayan komai ya wuce, waɗanda suka tsira suka zauna suna hira, sai suka gano cewa da yawansu sun daɗe da shakka a zuci, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Mutum ya dubi ɗari biyar suna tafi, ya ce lalle ni ne mai raunin imani, alhali na kusa da shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan.

Ban manta da mu'ujizai ba, domin su ne suka fi jan tsofaffi. Jones yakan kira sunan baƙo a taro, ya faɗi sunan maganin da yake sha da abin da ke cikin ɗakinsa. Daga baya waɗanda suka yi masa aiki suka bayyana yadda ake yi: akwai masu zuwa gidajen mutane da wata hujja, su binciki kwandon shara, su yi waya da sunan wani, su rubuta komai su kawo. Ciwon dajin da ake cewa mara lafiya ya amayar, a ɗaga a nuna wa jama'a, kayan cikin kaza ne. Wannan dabara ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani ba, kowa ya san bokan da ke da yara a gari masu kai masa labari. Abin lura shi ne waɗanda suke haɗa ƙaryar da hannunsu ma ba su tafi ba. Sun gaya wa kansu cewa ƙaramar ƙarya ce don babbar manufa.

A nan zan yi wata magana, kada wani ya ɗauka shirin nan suka ne ga addini ko ga girmama malamai. Jones da Littafi Mai Tsarki ya fara tara mutane. Da ya ga sun kamu, sai ya fara nuna musu abin da ya kira kurakuran littafin, har ya riƙa jefar da shi a ƙasa a gaban jama'a, ya ce su dube shi shi. Ya ce babu wani Allah a sama, gurguzu shi ne addini, shi ne kuma siffarsa. Malamin ƙwarai, a kowane addini, akwai abin da ke samansa wanda almajiri zai iya buɗewa ya ce, Malam, ga abin da aka rubuta. Jones ya cire wannan, ya zama babu abin da za a auna shi da shi sai shi kansa. Tsofaffi irin su Hyacinth, waɗanda da littafin suka tashi, abin ya ƙona musu rai ƙwarai. To amma gida an sayar, ina za a je?

Daga waje kuwa, sai sambarka. A 1976 magajin garin San Faransisko, George Moscone, ya naɗa shi a hukumar gidaje ta birnin, har ya zama shugabanta. Rosalynn Carter, matar Jimmy Carter, ta gana da shi lokacin yaƙin neman zaɓe. Mutum ne da zai iya cika maka fili da jama'a cikin 'yan awoyi, kuma ɗan siyasa ko'ina yake a duniya ba ya wasa da irin wannan. Wanda ke ciki yana tunanin kai ƙara, ya ga hoton Baba da manyan gari a jarida, sai jikinsa ya yi sanyi. Ko da ɗalibai takwas suka gudu tare a 1973, suka bar wasiƙa suna cewa ana wa'azin daidaito amma shugabanci na hannun farar fata, abin da ya biyo baya shi ne aka sa musu sunan maciya amana, aka ƙara ɗaure na ciki.

(Kiɗa. Hutun rabin lokaci.)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna bin labarin ƙungiyar Peoples Temple ne ta bakin waɗanda suka zauna a cikinta.

A 1977 wata mujalla mai suna New West ta tattara shaidar tsofaffin 'yan ƙungiya za ta buga. Jones bai jira fitowarta ba, ya tsallake zuwa Guyana, inda tun 1974 mutanensa suke sāran daji a wani fili mai eka sama da 3,800 da suka karɓa haya daga gwamnati. Cikin 'yan watanni mutum kusan dubu suka bi shi. An nuna musu hotunan gonaki da 'ya'yan itatuwa, an ce ƙasar alkawari ce, babu wariya, babu 'yan sandan da za su harbi ɗanka.

Deborah Layton ta isa can a Disambar 1977 tare da mahaifiyarta. Ba ƙaramar 'yar ƙungiya ba ce, tun tana budurwa ta shiga, har ta zama mai riƙe da sirrin kuɗi, ita ake aika wa bankunan Panama da Suwizalan. Abin da ta tarar shi ne an karɓe fasfo ɗin kowa. Wasiƙa ba ta fita ba ta shiga sai an karanta. Ana aikin gona tun safe har yamma, kwana shida a mako, cikin zafi, abinci kuwa yawanci shinkafa ce da ɗan romo, alhali ta san kuɗin fanshon tsofaffi kaɗai da ke shigowa ya haura dala 65,000 a wata. Muryar Jones na fita ta lasifika har cikin dare, shi ne rediyo, shi ne jarida. Ya gaya musu Amurka na shirya sansanonin tsare baƙar fata, ya ce dajin da ke kewaye cike yake da sojojin haya. Mai taurin kai a sa shi cikin wani akwati a ƙarƙashin ƙasa, ko a kai shi ɗakin jinya a dirka masa allurar da za ta kashe masa jiki.

Sai kuma daren da suke kira farin dare. A busa jiniya, a tara kowa a babbar rumfa, a ce maƙiya sun iso, a kwana ana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya ko sun shirya mutuwa. A wani irin daren, Deborah na nan, aka kawo abin sha aka ce guba ce, kowa ya yi layi ya sha, har da yara. Aka jira. Da lokaci ya wuce sai Jones ya ce gwaji ne. Ta bayyana daga baya cewa gajiya ta kai mata inda ba ta ma damu ba ko da gaske ne.

Da aka aike ta aiki Georgetown, a Mayun 1978 ta samu ta shiga ofishin jakadancin Amurka, ta gudu. Ta bar mahaifiyarta a Jonestown tana fama da ciwon daji, matar da a ƙuruciyarta ta tsere wa mulkin Hitila a Jamus. Ba su sake ganin juna ba. A watan Yuni Deborah ta rubuta takardar rantsuwa ta faɗi duk abin da na lissafa, ta ce rayukan mutanen nan na cikin haɗari. Wata biyar ke nan kafin abin ya faru. Jami'an jakadanci sun sha zuwa Jonestown suna tambayar mutane ko ana tsare da su, kowa ya ce lafiya lau. An riga an koya musu amsa, kuma wanda ya yi kuskure ya san jami'i zai hau jirgi ya tafi, shi kuwa a nan zai kwana.

Wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci shi ne ɗan majalisar wakilan Amurka Leo Ryan, bayan dangin 'yan ƙungiya sun yi ta kai kuka. Ya isa Jonestown ranar 17 ga Nuwamba da 'yan jarida. Aka yi masa liyafa, aka yi kiɗa da rawa, har ya yaba. A daren ne wani saurayi, Vernon Gosney, ya saƙa wa ɗan jarida 'yar takarda a hannu yana neman a fitar da shi. Washegari kimanin mutum 15 suka ce za su bi Ryan. Goma sha biyar cikin kusan dubu. Shugaban da ya yarda da abin da ya gina da sai ya yi musu addu'a ya raka su mota. Jones bai iya haɗiye wannan ba. A filin jirgin Port Kaituma 'yan bindigarsa suka buɗe wuta, suka kashe Ryan da 'yan jarida uku da wata mata cikin masu tafiya, Patricia Parks. Gosney ya sha harsashi amma ya rayu. Ɗansa ƙarami da ya bari a baya bai rayu ba, kuma har ya tsufa yana aikin ɗan sanda a Hawai bai daina maganar yaron nan ba.

Da safiyar wannan rana, tun kafin a yi harbi, wata matashiya, Leslie Wagner-Wilson, ta goya ɗanta mai shekara uku, ita da wasu mutum tara suka ce za su ɗan fita shan iska. Suka yanki daji, suka yi tafiyar kusan kilomita 50 a ƙafa. Mijinta na cikin manyan masu tsaron Jones, saboda haka ko shi ba ta gaya wa ba. Uwarta da 'yan'uwanta biyu da mijin duk sun mutu a yammacin.

Abin da ya faru a babbar rumfar a yammacin nan akwai kaset ɗinsa, na minti arba'in da 'yan kai. A ciki ana jin wata mata mai shekara 60, Christine Miller, ta miƙe ita kaɗai tana jayayya da Jones, tana tambayar ina maganar tafiya Rasha da aka yi musu alkawari, tana cewa yaran nan sun cancanci su rayu. Jama'a suka yi mata ihu har ta zauna. Gubar an riga an sayo ta an ajiye tun kafin Ryan ya zo. An dama ta cikin abin sha mai zaƙi, aka fara da jarirai, ana matsa musu a baki da sirinji, masu tsaro da makamai sun kewaye wurin. Tim Carter ya ga an ba ɗansa mai shekara ɗaya da 'yan watanni, matarsa Gloria kuma a hannunsa ta cika. Shi ya sa duk inda aka ce mutanen Jonestown sun kashe kansu, yakan ce a gyara magana, kisa aka yi. Ni ma a nan ina bayansa. Yaro ɗari uku ba su zaɓi komai ba, tsohuwar da aka riƙe aka yi wa allura ba ta zaɓi komai ba. Jones kansa bai sha ba, da harsashi a ka aka same shi.

(Kiɗa mai taushi, a bar shi ya ɗan ja.)

Waɗanda suka koma Amurka sun tarar ana gudunsu. Wasu sun rasa aiki da zarar an san daga ina suke. Amurkawa har suka mayar da shan Kool-Aid, wani abin sha mai zaƙi irin wanda aka dama gubar a ciki, karin maganar ba'a ga duk mai bin wani ido rufe, ba tare da tunanin cewa akwai mai jin wannan raha wanda 'ya'yansa ne suka sha ba. Leslie ta yi shekaru tana ɓoye ko ita wace ce.

Kuma ba duka suka ga abin da ido ɗaya ba. Laura Johnston Kohl, wadda aiki ya kai ta Georgetown a lokacin, har ta rasu a 2019 tana cewa ta so Jonestown, ta so aikin gonar, ta so mutanen, ba ta taɓa samun jama'a irinsu ba. Mutane kan ji haushin wannan magana, amma a ganina ita ce ta fi kowace faɗakarwa. Da ta dawo ba ta san yadda ake zama ita kaɗai ba, sai ta faɗa wata ƙungiyar mai kulle mutane, Synanon, ta yi shekara goma a ciki. Sai da aka shekara ashirin da Jonestown sannan ta iya zuwa ta haɗu da sauran waɗanda suka tsira. Yunwar da ta kai ta wurin Jones tun farko, ta son zama cikin jama'a masu manufa, ba ta mutu tare da shi ba.

Kada kuma mu ce abin Amurkawa ne. A Kanungu da wasu wurare a ƙasar Yuganda, a shekarar 2000, sama da mutum 700 'yan wata ƙungiya suka hallaka. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa sama da 400. Dattawan Kano kuma ba su manta Disambar 1980 ba, shekara biyu kacal bayan Jonestown, lokacin da rikicin Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda ya killace mabiyansa a 'Yan Awaki, ya ci sama da mutum 4,000 a lissafin hukuma. Kowanne da tarihinsa, ba na cewa abu ɗaya ne. Amma da yawa cikin samarin da suka taru a 'Yan Awaki baƙi ne daga ƙauyuka, waɗanda birni bai ba su wurin kwana ba, shi ya ba su.

Saboda haka ga wanda ɗansa ko ƙanwarsa ta shiga wani wuri da hankalinsa bai kwanta da shi ba, akwai abin ɗauka a labarin waɗanda suka fita da ƙafarsu. Yawancinsu suna da wani a waje da suka san zai buɗe musu ƙofa. Deborah tana da 'yan'uwa da suka karɓe ta. Tsofaffin da suka sayar da gida, suka yi shekaru ba sa magana da dangi, ko an buɗe musu hanya ba su da inda za su nufa. Mu kuwa in ɗa ya bijire, abin da ya fi saurin zuwa bakinmu shi ne mun sallama shi, kada ya sake tako mana gida. Shugaban irin wannan ƙungiya abin da yake jira ke nan, domin tun farko ya gaya wa yaron cewa danginsa ba sa ƙaunarsa. Zagin malamin nasa ma ba ya fitar da shi, ƙara manne shi yake yi. A ci gaba da gaisuwa, a kai masa abin biki da na suna, a tambaye shi yana samun barci kuwa, kuɗinsa na hannunsa kuwa, wanda ya bar wurin nan me ake cewa a kansa. Wataƙila ba zai amsa ba a ranar, amma zai tafi da tambayar.

Gawarwakin Jonestown jiragen sojan Amurka ne suka kwashe su zuwa sansanin Dover a jihar Delaware. Sama da 400 babu wanda ya zo ɗauka, ko ba a gane su ba, da yawansu yara. Maƙabartu da dama suka ƙi karɓarsu, sai wata mai suna Evergreen a birnin Oakland ta yarda, aka binne su wuri ɗaya a gefen tudu. A 2011 aka shimfiɗa duwatsu huɗu a wurin, aka sassaƙa sunaye 918 bi da bi bisa jerin haruffa. Cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin har da Jim Jones ƙarami, yaron nan baƙar fata da aka ɗauka riƙo a Indiyana, wanda wasan ƙwallon kwando ya kai shi Georgetown a ranar, matarsa kuma ta mutu a rumfar da juna biyu. Sunan Jones babba yana cikin jerin, a tsakiyar sunayen mutanen da ya kashe. Wasu dangin mamatan sun ƙi yarda da haka, har gaban alƙali aka je, amma sunan bai fita ba. Duk 18 ga Nuwamba ana taruwa a kan tudun nan, waɗanda suka yarda da duwatsun da lokacinsu, waɗanda ba su yarda ba su ma da nasu.

Masu sauraro, nan lokaci ya kawo mu. A madadin waɗanda suka haɗa sauti, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri.)